Ƙugiya da Jan Biro: Zuwa ga Autata Rabi'atu

Autata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uwa ga ɗiyarta. Allah ya sa kin sauka lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya raba ki da sharrin ƙarfe da sharrin baki. Na sa wannan takarda a ƙasan jakarki, ƙarƙashin kuka da daddawa, don na san ba za ki kai gare ta ba sai marmarin miyar gida ya taso maki. Labarin gida ba zan ba ki ba, yayyenki sun ishe ki da shi ta waya.

Ranar da kika zaunar da ni a tsakar gida kina bayyana mani aikin da aka ɗauke ki, na ga kina lallaɓa magana kamar mai ba jariri koko. Kika ce shafi ne na intanet inda jama'a ke cika fom su rubuta sanarwarsu da kansu, su kuma dawo su gyara in sun ga dama. Kika ce akwai alamomin da in mutum ya sa su a rubutunsa, irin mai kama da bakin kibiya ɗin nan, kwamfuta ba ta ɗaukarsu magana, umarni take ɗaukarsu, har shafi ya wargaje. Kika ce mutanen da za ki yi aiki da su sun yanke shawara mai sauƙi: duk abin da ba baƙin Turanci ba ne, a share shi tun daga bakin ƙofa. Kin ɗauka ban gane ba. Auta, na gane. Na yi wannan aikin tun kafin a san da zuwanki duniya, sai dai tawa kwamfutar ƙarfe ce mai ƙararrawa.

Kin san ni akawun tafireta ce, amma ban taɓa ba ki labarin yadda aikin ya kasance ba. A shekarun saba'in, muna ƙarƙashin Kaduna, aka ɗauke ni a ofishin da ke kula da azuzuwan yaƙi da jahilci a nan Dutsin-Ma. Mutane sun yi magana, wai mace ta zauna cikin maza tana ƙwanƙwasa ƙarfe. Na bar su da bakinsu. Ofishin yana fitar da 'yar jarida duk wata, wadda kowa ke kira takardar wata. Manya da suka koyi karatu a ƙauyuka su ne ke aiko da rubutunsu: gaisuwa, karin magana, cigiyar jaki, kiran gayya. Ni nake bugawa a sitansil, wato takarda mai kaki da ake ɗaurawa a injin juyawa ya fitar da kwafi da yawa. Shugabanmu Malam Lawal ke duba rubutun kafin ya zo gabana, kuma da jan biro yake sa mani umarni a gefe: cire wannan, wannan ya hau shafin farko.

Wadda ta koya mani aikin ita ce Madam Saratu, Kirista ce daga kudancin Zariya, mijinta ma'aikacin asibiti. Tafiretar ofishin ta Turawa ce, ba ta da ɓ, ba ta da ɗ, ba ta da ƙ. Tun ranar farko Madam Saratu ta miƙo mani allura ta ce, "Hauwa, in kin gama bugawa, ki bi layi-layi ki sa wa kowane baƙi ƙugiyarsa da hannu. Mutanen ƙauye abin da suka gani suke karantawa."

Na ce to. A raina kuwa na ce wannan ɓata lokaci ne. Ni da na yi makarantar boko, in na ga kalma ko ba ƙugiya ina gane ta daga maƙwabtanta. Na ɗauka kowa haka yake. In Madam Saratu tana nan sai in sa, in ta fita sai in tsallake.

A Tamawa, can wajen Kurfi, akwai wata ungozoma mai suna Dije. An yi haihuwa a hannunta jaririn bai zo da rai ba, sai gari ya ɗauki raɗa, wai hannunta ba shi da kyau, wasu har suna ambaton maita. Maƙwabciyarta kuma aminiyarta, Goggo Hansai, dattijuwa ce da ta shiga aji da furfura a kanta. Abu na farko da ta taɓa rubutawa don a buga shi ne kare ƙawarta. A takardar tata kowane baƙi ya cika. Ta rubuta: "Ku ji tsoron Allah. Abin da kuke faɗa a kan Dije ƙarya ce."

Na buga, ban sa ƙugiya ba. Layin kuma ya cika, kalmomin ƙarshe suka gangaro ƙasa su kaɗai. Abin da ya tsaya a layi guda, da sunan Hansai a ƙarƙashinsa, shi ne: "Dije karya ce."

A ƙauye ba kowa ke riƙe takarda ba, mutum ɗaya ke karanta wa taro a gindin bishiya. Wanda ya karanta a Tamawa sabon ɗalibi ne, an kuma koya mashi da kyau cewa k daban, ƙ daban. Bai yi kuskure ba, abin da na sa ya karanta. Kafin mako ya zagayo, yara suna yi wa Dije haushi in ta wuce zuwa rijiya.

Ga darasi na farko, Auta. Kada ki taɓa cewa ai za a gane. Ke da kika san abin da ake nufi ba ke ce mai karatu ba. Alamar da kike gani ƙarama a kan allonki, wani mutuncinsa ne ke rataye a jikinta. Wanda ya ce maki a share ƙugiya don kowa zai gane, ki tambaye shi ko ya yarda a cire wa sunan ubansa baƙi ɗaya.

Malamin ajin Tamawa ne ya kawo labari ofis a kan kekensa. Malam Lawal mutumin kirki ne, bai yi mani tsawa ba. Ya ce, "Malama Hauwa, ɗauko takardar da matar ta rubuto da hannunta, a kai masu su gani."

Babu ita. Ni a wajena, da zarar na buga abu, na hannu ya zama shara. Duk ƙarshen wata nakan tattara su in ba wata mai sayar da gyaɗa a bakin ofis tana ƙunshi da su. Rubutun farko na Goggo Hansai wani ya ci gyaɗa a cikinsa ya yar.

Malam Lawal ya ce, "To, a sa gyara a fitowa ta gaba, layi biyu. Ba mu da abin da ya wuce wannan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kafin wata ya ƙare matar nan ta gama shan haushin yara. Zan tafi Tamawa."

"Ba aikinki ba ne. Kuma za su iya yi maki rashin mutunci."

"Hannuna ne ya yi, ƙafata za ta kai ni."

A gida ma babanki bai so ba, muna sabon aure lokacin. Ya ce idon da bai san ni ba me zai sa in kai mashi fuskata. Na ce ko ya kai ni a babur, ko in bi motar 'yan kasuwar Kurfi in ƙarasa da ƙafa. Da ya ga na ɗaura gyale, ya je ya tayar da babur yana gunaguni.

Mun tarar da Dije a tsakar gidanta tana kaɗi. Ba ta ɗago ba. Aka kira Goggo Hansai, ta shigo idanunta sun kumbura, ta tsaya nesa kamar baƙuwa a gidan da ta saba shiga ba sallama. Mata suka cika zaure da bakin ƙofa. Na durƙusa na ce, "Inna, ni ce mai buga takardar. Goggo ba ta zage ki ba, kare ki ta yi. Ni na canza mata magana."

Dije ta ce, "Ɗiyar nan, ni ban iya karatu ba. An ce takarda ta ce, ke kuma kin ce ba ta ce ba. Ina takardar?"

Sai Goggo Hansai ta tsinci kara, ta share ƙasa da tafin hannu, ta rubuta kalmar sau biyu, manya-manya, ɗaya da ƙugiya ɗaya babu. Ta ce, "Dije, dubi nan. Wannan na rubuta. Wannan suka buga."

Dije ta ajiye mazari, ta sunkuya ta daɗe tana duba. Ta sa yatsa a kan ƙugiyar ta ce, "Wannan 'yar wutsiyar ce kawai?"

Na ce, "Ita ce, Inna."

Ta ce, "Shekara da shekaru ina yanke cibiyar 'ya'yan garin nan, ashe 'yar wutsiya ce tsakanina da kare." Ta juyo ta dube ni. "Na ji, na kuma yafe maki, tunda kin zo da ƙafarki. Amma je ki gaya wa yaran da ke bakin rijiya, in za su ji."

Na je kuwa. Na tsaya a gindin bishiyar da aka karanta, na faɗa da bakina, manya suka tsawata wa yara. Amma kunne in ya ji ba ya mayarwa. Bayan girbi Dije ta koma Kurfi wajen ɗanta, ta bar karɓar haihuwa. Ita da Hansai sun ci gaba da gaisawa in an haɗu a biki ko rasuwa, iyakarta ke nan.

Darasi na biyu: abin da mutum ya ba ki, ki ajiye shi yadda ya ba ki. Kin ce don kwamfuta ta daina ɗaukar alama a matsayin umarni, kuna sa mata wata riga ta lambobi, kuma in mutum ya buɗe rubutunsa zai gyara sai a sake sa riga a kan riga, har ya kasa gane abin da ya rubuta. Ni na ga haka da idona a takardar makarantarki, inda hamzar sunanki ta koma wasu lambobi a tsakiya kamar tsakuwa a shinkafa. Sunan da babanki ya raɗa maki a kunne! Ban san yaren injinku ba, amma na san wannan: na asali a ɗaki yake zama, ba a taɓa shi. Riga sai za a fita ake sa ta, kuma sau ɗaya. In mai magana ya dawo gyara, ki miƙa mashi maganarsa da ya kawo, ba wadda kika yi wa kwalliya ba. Tun daga Tamawa ban sake ba mai gyaɗa ko ƙyallen takarda ba, ta yi fushi da ni har ta tashi daga bakin ofis.

Na zaci Goggo Hansai ba za ta sake riƙe alƙalami ba. Bayan wata biyu sai ga ta da kanta a ofis, da takarda a ƙulle a bakin zane. Karin magana ta rubuto, ta ja kowace ƙugiya doguwa kamar lauje. Ta ja kujera ta zauna a gefena ta ce, "Buga ina gani." Ta zauna har na sa ta ƙarshe da allura. Ba ta ce sannu ba, ba ta ce na gode ba, ta tashi ta tafi. Duk abin da na sani na taurin kai a kan aiki, a wajen matar nan na ƙarasa koyonsa.

Kuskure na uku ya zo a shekarun tamanin, Madam Saratu ta riga ta bi mijinta wani gari, ni ce babba a kan tafireta, ina kuma ganin babu abin da zai sake wuce ni. Mutanen Ɗantutture suka aiko da kiran gayya: hanyar da ke fitar da su ta zaizaye wajen wani kwari, suna neman ƙauyukan kewaye su zo a cike ta da duwatsu kafin ruwa ya sauka. A cikin tarin takardun watan akwai ta wani Tanko daga Kutawa, mutum mai baki da son a san da shi, yana kiran tasa gayyar ta sharar gona, rana ɗaya da tasu. A ƙasan takardarsa, da jan biro, an rubuta: "A cire sanarwar Ɗantutture, an ɗage. Wannan ta hau shafin farko."

Na ga ja, hannuna ya bi. Ban tambayi kowa ba, ashe shi Malam Lawal bai duba takardar Tanko har ƙasa ba. Shekaru na saba cewa ja muryar Malam Lawal ce, har na manta ana sayar da jan biro a kowane teburin kasuwa. Takardar wata ta fita ba kiran Ɗantutture. Majiya ƙarfi suka tafi gonar Tanko suka ci tuwo. Mutanen Ɗantutture suka yi abin da za su iya su kaɗai, ruwan farko ya zo ya kwashe. Daminar nan duka, mai ciwo a ƙauyen sai a kan jaki ake zagayawa da shi.

Da abin ya fito, Malam Lawal ya fusata, irin fushin da ban taɓa gani a wajensa ba. Ya ce daga yau duk takardar da ta zo da wata alama, ja ko zane ko gicciye, a jefa ta kwando. In ta kama ma a daina karɓar rubutun jama'a, ofis ya riƙa rubuta komai da kansa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, saboda Tanko ɗaya za a rufe bakin ƙasa guda? Tsofaffin nan suna ja wa kalma layi don ta yi nauyi, suna zana tauraro don murna. Ba laifinsu ba ne. Laifina ne da na bi umarnin da ban san daga inda ya fito ba."

"To, me kike so a yi?"

"Naka umarnin ya riƙa zuwa a takarda daban, daga hannunka zuwa nawa. Duk abin da ke jikin takardar mutum kuwa, ko da ruwan zinariya ya rubuta, maganarsa ce. Zan buga ta, ba zan bi ta ba."

Ya ce, "Har da ta Tanko?"

Na ce, "Da ita zan fara."

A fitowa ta gaba na buga takardar Tanko dukanta, kalma-kalma, har da layin ƙasa, na ƙara da cewa wannan layin da jan biro marubucin ya sa shi. Ban zage shi ba, ban ƙara mashi ko waƙafi ba. Aka karanta a Kutawa, aka karanta a Ɗantutture.

Ranar kasuwa sai ga Tanko a ofis, babbar riga tana jan ƙasa. Ya ce, "Ke ce matar da ta tona mani asiri?"

Na ce, "Malam Tanko, ka aiko da rubutu a buga, na buga."

"Wannan layin ba na bugawa ba ne!"

"Na mene ne?"

Ya dubi Malam Lawal da ke tsaye a ƙofarsa. Sai ya koma cewa zai kai ƙara, zai sa a kore ni, mace ba ta isa ba. Na ce ya rubuto ƙarar, in ya so ni zan buga mashi ita, da ƙugiyoyinta cif. Ya fita yana huci. Da rani ya zagayo aka sake kiran gayyar hanya, an ce shi ya fara isa da jakunansa, ko don kunya ko don Allah, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa.

To ga na uku, kuma shi ne ya fi kusa da aikinki. Duk abin da ya shigo ta ƙofar jama'a baƙo ne, ko ya sa rawanin maigida. A shimfiɗa mashi tabarma, a nuna shi yadda yake, amma ba a ba shi makullin ɗaki. Masu irin halin Tanko ba su ƙare ba, yanzu ma sun fi yawa, za su cusa umarni a cikin gaisuwa su ga ko injinki zai bi. Ki hana shi bi. Amma kada tsoronsu ya sa ki kori Hansai. Mai share komai daga bakin ƙofa yana cewa tsaro yake yi, alhali ragwanci ne ya sa mashi hula. Aikin shi ne ki rarrabe, kuma rarrabewa tana da wahala, shi ya sa aka neme ki.

Na san abin da za ki ce: Inna, ni sabuwa ce, su manya ne, wasunsu ma ba su san akwai baƙi mai ƙugiya a duniya ba. To ki nuna masu. Ki yi ladabi, ki gaishe su, ki bari su gama magana. In sun gama, ki ce a'a. Ba da tsawa ba, ba da kuka ba, kuma kada ki yi murmushin neman gafara bayan kin faɗa, na san ki da wannan halin tun kina ƙarama. Ki gwada aikinki da sunayen mutanenmu kafin ki gwada da na kowa: Ɗanjuma, Ɓaidu, Sa'adatu, 'Yar Baba. Ki rubuta, ki adana, ki buɗe, ki gyara, ki sake buɗewa. In sun fito yadda suka shiga, kin yi aiki. In ba su fito ba, kada ki ce saura kaɗan.

Kuma in kin yi kuskure, don za ki yi, kada ki ɓuya a bayan inji. Inji bai taɓa jin kunya ba, shi ya sa mutane ke son ɗora mashi laifi. Ki nemi wanda abin ya taɓa, ki ce ni ce. Ba na ba ki labaran nan don ki tausaya mani ba. Kurakuran nan na yi su, na tsaya a gabansu, ban kuma bar kujerata ba sai da lokacin ritayata ya yi. Ba na sunkuyar da kai a kansu gaban kowa.

Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki ci abinci kafin ki zauna gaban allo, ki riƙa tashi kina miƙe baya, kin ga yadda nawa ya koma. Abokan aiki kowane iri za ki samu, na kowane addini da yare, ki zauna da su da gaskiya. Alherin da na samu a hannun Madam Saratu ban samu a wajen dangi da yawa ba.

Allah ya tsare gabanki da bayanki. Ya ba ki shugabanni masu jin magana, in bai ba ki ba, ya ba ki ƙafar tsayawa. Ya kare idonki da hannunki, ya sa kada wani bawansa ya kwana da baƙin ciki ta dalilin aikinki. Ya dawo mana da ke lafiya.

In kuwa tsayawa a kan daidai ta sa suka ce ki tafi, kada ki tsaya roƙo. Ki ɗauko jakarki ki hau mota. Ɗakinki yana nan, ban zuba hatsi a ciki ba.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hauwa